Tsofaffin taswirorin tsaunuka da kurmi: ado ne kawai, ko da sauran amfaninsu?

Ɗalibin Jogarafi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a ce yaro ya raina manya. Na ga hukumomi da ɗakunan karatu suna ta ɗaukar hoton tsofaffin taswirorin yanayin ƙasa suna ɗorawa a intanet. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, kaɗai ta ɗora sama da 170,000, tun daga na 1884. Na buɗe wasu na yankunan tsaunuka da kurmi masu nisa da gari, sai na ga wani wurin fari fat babu komai, wani wurin kuma an zana rafi da ɗigo-ɗigo kamar mai zanen bai yarda da kansa ba. Yau da waya ke nuna wa mutum ƙololuwar dutse daga tauraron ɗan adam, me waɗannan takardu za su tsinana?

Sarkin Gardama:
Wa alaikumus salam. Ba abin da za su tsinana. A sa musu gilashi a rataye a falo, shi ke nan.

Tsohon Safiyo:
Wa alaikumus salam ɗana. Wannan rafi mai ɗigo-ɗigo da ka raina, shi ne abu mafi daraja a takardar. Sau da yawa mai zanen yana gaya maka ne cewa ya san akwai ruwa a nan, amma ƙafarsa ba ta bi shi ba. Wayarka ba ta da wannan kunyar. Da abin da aka auna da abin da aka kintata, layi ɗaya take zana maka sumul.

Kuskuren yaran yanzu shi ne da an buɗe taswira sai ido ya faɗa tsakiya. Mu an koya mana a fara da gefe. Ka duba can ƙasa. Za ka ga ma'auni: in 1:50,000 ne, santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa. Za ka ga tazarar da ke tsakanin layukan tsayi, wato layukan da ke haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya, ko mita 20 ko ƙafa 50 ko 100. Za ka ga shekarar da jirgi ya ɗauki hoto, da shekarar da aka taka wurin, da shekarar da aka buga, kuma sau da yawa shekaru uku ne daban-daban masu nisa da juna. A taswirori da dama akwai wani ɗan akwati a kusurwa da aka yanka shi gida-gida: wannan ɓangaren an auna shi a ƙasa, wannan daga hoton jirgi, wannan kuwa an kwafo shi ne daga wata tsohuwar taswira. Wanda bai karanta ɗan akwatin nan ba bai karanta taswirar ba.

Taswira kamar mai ba da shaida ce a gaban alƙali. Kafin ka karɓi maganarsa sai ka tambaye shi: da idonka ka gani, ko daga nesa ka hango, ko labari aka ba ka?

Sarkin Gardama:
Baba, da girmanka, amma wannan shaidar taka an sha kama ta da ƙarya. Ina tsaunukan Kong? A tambayi Malama.

Malamar Tarihi:
Ka jawo ni ciki ke nan. To gaskiya ya faɗa. A 1798 wani masanin taswira na Ingila, James Rennell, ya zana taswira a kan bayanan tafiyar Mungo Park, ya shimfiɗa wani dogon jerin tsaunuka da ya ratsa Afirka ta Yamma daga yamma zuwa gabas, ya kira su tsaunukan Kong. Rennell bai je wurin ba. Yana da ra'ayinsa game da inda kogin Neja ke bi, kuma ra'ayin yana buƙatar katangar duwatsu da za ta hana kogin gangarawa kudu zuwa teku, sai ya gina katangar da alƙalami. Masu zanen taswira suka yi ta kwafa daga juna kusan shekara 90, har wasu suka ɗora wa tsaunukan ƙanƙara. Sai da wani hafsan Faransa, Louis-Gustave Binger, ya ratsa yankin tsakanin 1887 da 1889, ya isa garin Kong ɗin kansa, bai ga wani jerin tsaunuka ba.

Abin da ke ba ni haushi a labarin, fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa wurin da jakunansu. Da an tambaye su da kyau an saurara, da ba a kai shekara 90 ba.

Sarkin Gardama:
Kun ji ko? Na gama.

Tsohon Safiyo:
Ba ka gama ba, ka dai taimake ni. Taswirar Rennell ba ta awo ba ce, ta ji-ta-ji-ta ce, an haɗa ta a kan tebur. Kada ka haɗa ta da aikin mutanen da suka ɗauki sarƙa da na'urar awon kusurwa suka shiga daji.

Ɗauki awon Indiya. William Lambton ya fara shi a 1802 daga wajen Madras. Dabarar ita ce a auna layi guda a ƙasa da matuƙar tsanaki, daga bakinsa biyu a hango wani tudu a auna kusurwa, lissafi ya ba ka nisan tudun ba tare da ka taka ba. Daga wannan alwatika a gina wata, a gina wata, har a ratsa ƙasa. Babbar na'urarsu ta kai kusan rabin tan, mutum 12 ke ɗaukarta. Zazzaɓi ya kashe ma'aikata da yawa a dazuzzukan gindin Himalaya. Da suka iso can, Nepal ta hana su shiga, dole suka tsaya a fili suna hango ƙololuwa daga nisan da ya wuce mil 100. A 1852 wani Ba'indiye gwanin lissafi, Radhanath Sikdar, ya gano cewa wadda suka yi wa lamba ta 15 ta fi kowace tsawo. A 1856 aka sanar da ƙafa 29,002, wato kimanin mita 8,840. Shi ne dutsen Everest. A 2020 Sin da Nepal, da duk kayan zamani, suka sanar da mita 8,848.86. Ka lissafa bambancin da kanka.

Ɗalibin Jogarafi:
Mita 9 ma bai cika ba! Daga mil 100? Ikon Allah.

Injiniya:
Baba, a yi mini izini in ɗan rage wa labarin gishiri. Aiki ne na ban mamaki, ba musu, amma akwai sa'a a ciki. Haske ba ya tafiya a miƙe cikin iska, yana lanƙwasa, kuma lanƙwasar da safe daban da ta rana. A irin wannan nisa tana iya ɗaga dutse ko ta sauke shi da mita masu yawa, sai an yi ƙiyasi an cire. Ga kuma nauyin Himalaya kansa da ke janyo igiyar saiti gefe. Wasu kurakuran sun cinye juna ne aka sami lamba mai kyau.

Kuma ba kowa ne Sikdar ba. A 1827 wani mai binciken tsirrai, David Douglas, ya ratsa tsaunukan Rocky na Kanada ya ce ya ga ƙololuwa biyu, Brown da Hooker, masu tsawon ƙafa dubu 16 zuwa 17. Suka shiga taswira a matsayin mafi tsawo a yankin, mahaya suka yi ta wahalar nemansu. A 1893 aka isa Brown aka tarar kimanin ƙafa dubu 9 ne.

Tsohon Safiyo:
Douglas ganye ya je nema, ba awo ba. Maganata tana nan: a tambayi waye ya gani, da me ya gani.

Malamar Tarihi:
Tunda ana maganar waye ya gani, kada a manta da waɗanda sunansu ba ya fitowa a gefen takarda. A lokacin Tibet ma rufe take ga Turawa, don haka hukumar awon Indiya ta horar da 'yan ƙasa ta tura su a ɓoye. Fitaccen cikinsu Nain Singh, malamin makaranta ne daga tsaunukan Kumaon. An koya masa tafiya da taku iri ɗaya, taku 2,000 mil guda. Aka ba shi carbi mai ƙwaya 100 maimakon 108 da mabiya Buddha ke riƙewa, duk taku 100 ya ja ƙwaya ɗaya. Mai kallo ya ɗauka ibada yake. Bayanansa yana naɗe su a cikin ɗan gangan addu'a da mutanen Tibet ke juyawa a hannu. Tsayin wuri kuwa da tafasar ruwa yake gane shi, don zafin da ruwa ke tafasa a kai yana raguwa gwargwadon hawanka, kusan digiri ɗaya a duk mita 300. A haka ya isa Lhasa a 1866. Hanyoyin da kuke gani a taswirorin Tibet na wancan zamani, da yawa da ƙwayar carbi aka ƙirga su.

Jami'ar Gandun Daji:
Sannunku da ƙoƙari. Na ga duk kun haye tsauni kun bar kurmi, alhali nan ne wahalar take. Dutse ko daga nesa ana hango shi. A cikin kurmi taku ashirin ba ka ganin gabanka, wace kusurwa za ka auna? Shi ya sa tsofaffin taswirorin kurmi kusan duk taswirorin kogi ne. Mai awo yana cikin kwalekwale, ya zana gaɓa biyu da ƙauyukan bakin ruwa, abin da ke tsakanin wannan kogi da wancan sai a shafa masa kore ko a bar shi fari.

Da jirgin sama ya zo aka ɗauka an huta. Birtaniya ta kafa hukumar awon ƙasashen da take mulka a 1946, ta yi ta ɗaukar hoto daga sama. Ana jera hotuna biyu da suka hau kan juna a ƙarƙashin wani madubi mai ido biyu, sai ka ga ƙasa ta taso, kwari ya lotsa, har ka ji kamar ka sa yatsa. A fili abin yana aiki sosai. A kurmi kuwa abin da ya taso ba ƙasa ba ce, kan itatuwa ne. Itatuwan kwari sukan fi na kan tudu tsawo saboda danshi, sai su cike kwarin, mai zane ya ga shimfiɗa inda kwazazzabo yake. Ƙoramar da ke ƙarƙashin ganye ba ta fitowa sam, sai ya bi lotsawar rassa ya kintata. Ga ɗigo-ɗigonka nan, ƙanina.

Ga gajimare kuma. Brazil sai da ta koma ga rada, wadda ke ratsa gajimare, a shirin RADAM na shekarun 1970 kafin ta sami cikakken hoton Amazon. Dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar, Pico da Neblina, mai kusan mita 3,000, sai a shekarun 1960 aka tabbatar da shi, don kullum yana lulluɓe cikin hazo a kan iyaka da Venezuela.

Sarkin Gardama:
Hajiya, ai duk hujjata kike ƙarfafawa. Tsohuwar ba ta gani ba, sabuwar ta gani.

Jami'ar Gandun Daji:
Wa ya ce maka sabuwar ta gani? Yawancin tsayin ƙasa da manhajojin waya suka daɗe suna amfani da shi ya samo asali ne daga awon rada da kumbon Endeavour ya yi cikin kwana 11 a Fabrairun 2000. A kurmi mai duhu shi ma kusa da kan itatuwa ya tsaya. Abin da ke kaiwa ƙasa sosai shi ne na'urar lida, wadda ke harba hasken leza daga jirgi, kaɗan daga ciki ya sulale ta tsakanin ganye ya dawo. Da ita aka bankaɗo dubban gine-ginen mutanen Maya a kurmin Gwatamala. Amma tana da tsada, kuma kurmin duniya da aka bi da ita kaɗan ne.

Ni abin da nake nema a tsohuwar taswira ma ba tsayi ba ne. Bakin daji nake nema. Jerin hotunan tauraron ɗan adam na Landsat daga 1972 ya fara. In kana so ka san inda daji ya tsaya a 1930 ko 1955, wa za ka tambaya? Haka kufai. Sau da yawa za ka ga sunan ƙauye a tsakiyar abin da yau ake kira dajin da ba a taɓa sara ba. In ka je wurin sai ka tarar da fasassun tukwane da itatuwan da mutum ke shukawa. Wannan yana canza yadda ake fahimtar dajin gaba ɗaya, da kuma haƙƙin mutanen da kakanninsu suka zauna a ciki.

Injiniya:
Haka yake a ƙanƙara. Siwizalan ta kammala taswirar Dufour tsakanin 1845 da 1865, shafi 25, inda aka nuna gangare da ƙananan zane-zane kamar gashi, mai kauri wurin da ya miƙe, mai laushi wurin da ya kwanta. Tana da kyau a ido amma ba ka iya ciro lamba daga ciki. Daga 1870 taswirar Siegfried ta zo da layukan tsayi, ruwan ƙasa a kan turɓaya, shuɗi a kan ƙanƙara. Waɗannan shuɗayen layuka su ne ake ɗorawa a kan awon yau a ga yawan ƙanƙarar da ta narke. Ƙanƙarar Rhone a tsakiyar ƙarni na 19 ta sauko har kwarin Gletsch, yau ta janye can sama. Hukumarsu, swisstopo, ta sa duka a intanet kyauta, kana jan shekaru kana kallon ƙanƙara na ja da baya.

Mahayin Tsauni:
Ni ba masani ba ne, mai hawa ne, bari in faɗi ta wanda ke riƙe takarda a hannu. A wurare da yawa na tsakiyar Asiya har yanzu mahaya na neman taswirorin sojan Tarayyar Sobiyet. In ka ga yadda suka yi daji sai ka riƙe baki: ɗan hoton itace da ke nuna irinsa, a gefensa lambobi uku, tsawon itatuwa, kaurin gindi, da tazarar da ke tsakaninsu. Kogi an rubuta faɗinsa da zurfinsa, da ko ƙasansa yashi ne ko dutse. Mashigar tsauni an sa watannin da take buɗe. Tankar yaƙi aka yi wa wannan hidima, ba mu ba, amma mun mora.

Sai dai gargaɗi uku ga duk mai son shiga daji da tsohuwar takarda. Siffar ƙasa ta fi komai daɗewa: tudu da kwari suna nan. Hanyar ƙafa, gada, bukka, rijiya, kada ka ɗora ranka a kansu. Na biyu, arewar da kamfas ke nunawa tana gusawa shekara da shekaru, don haka gyaran da aka rubuta a gefen takardar 1950 ya tsufa. Na ukun Injiniya ya fi ni iya bayaninsa, maganar lambobin GPS da ba sa dacewa.

Injiniya:
Eh. Da can kowace ƙasa tana da tushen awonta, wato wurin da ta ɗauka mafari da siffar duniya da ta yi lissafi a kai. GPS na amfani da WGS84. Sobiyet sun yi amfani da Pulkovo 1942. In ka ɗauki lamba daga tsohuwar taswira ka zuba a waya ba ka juya ta ba, za ka sauka gefe. A Birtaniya bambancin ya kai kimanin mita 100, a tsohon tsarin Japan ya wuce mita 400. A fili ba komai. A kan tsauni cikin hazo, mita 100 na iya zama bakin rami.

Sarkin Gardama:
Kuma waɗannan Sobiyet ɗin da ake yabo, ba su ne suka riƙa karkatar da koguna da garuruwa da gangan ba?

Malamar Tarihi:
Su ne, a taswirorin da suke sayar wa jama'a. Shugaban hukumar taswirarsu da bakinsa ya amsa haka a 1988. Na soja, masu hatimin sirri, su ne na gaskiya. Gwamnati ɗaya, takarda iri biyu. Don haka ga tambayar Baba zan ƙara ɗaya: wa ya biya kuɗin aikin, kuma me yake nema? Ba wanda ke tura mutane su mutu da zazzaɓi a kurmi don sha'awa. Haraji ne, ko katako, ko ma'adinai, ko yaƙi, ko iyaka. Awon tsaunukan Sukotlan da William Roy ya yi daga 1747 ya biyo bayan tawaye ne, ana so a san inda 'yan tawaye ke ɓuya. Farin wuri a taswira ma ba ya nufin babu mutane. Kwarin Baliem a tsaunukan Niyu Gini cike yake da gonaki da dubban jama'a lokacin da jirgin Richard Archbold ya hango shi a 1938.

Wanda kuma ya ce ado ce, ya je ya faɗa wa Tailan. Yarjejeniyar 1904 tsakanin Siyam, wato Tailan ta yau, da Faransa mai mulkin Kambodiya a lokacin ta ce iyaka a tsaunukan Dangrek ta bi marabar ruwa, wato doron tsaunin da ruwa ke rabuwa gida biyu. Taswirar da jami'an Faransa suka zana a 1907 ta kauce wa wannan layi a daidai haikalin Preah Vihear, ta sa shi a ɓangaren Kambodiya. Siyam ta karɓi takardar ba ta yi magana ba. A 1962 Kotun Duniya ta ce shirun nan na shekaru amincewa ce, ta ba Kambodiya haikalin. Tsakanin 2008 da 2011 sojojin ƙasashen biyu sun yi ta musayar wuta a wurin, an rasa rayuka.

Sarkin Gardama:
To ai wannan illa ce kika kawo, ba amfani ba. Kuskuren wani mai zane ya ci rayuka.

Malamar Tarihi:
Ni ban ce alheri ce ba. Cewa na yi ba ado ba ce.

Shugaban Zaure:
A ci gaba cikin mutunci, muhawara na daɗi. Sarkin Gardama, a bar wa mai tambaya fili ya yi magana.

Ɗalibin Jogarafi:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Yaya Injiniya, in ina so in ɗora tsohuwar taswira a kan hoton tauraron ɗan adam in kwatanta bakin daji kamar yadda Hajiya ta ce, ta ina zan fara?

Injiniya:
Sauke QGIS, kyauta ce, tana da sashen daidaita hoton taswira da ƙasa. In takardar na da layukan gidan dara da lambobi a gefe, yi amfani da mahaɗarsu, ka gaya wa manhajar tushen awon da aka rubuta a ƙasa. In babu, sai ka nemi wuraren da ba sa motsi ka haɗa su ɗaya bayan ɗaya: ƙololuwar dutse, alamar safiyo, mahaɗar koguna a inda suka ratsa dutse. Kada ka kama lanƙwasar kogi a fadama, tana yawo. Ka baza wuraren har kusurwa huɗu, kada ka tara su a tsakiya. Ka tuna takarda na motsewa da tsufa, wurin ninki kuma yakan ci 'yan milimita. Kuma ka san iyakar ma'auninka: a 1:200,000, layin da kaurinsa rabin milimita ne ya rufe mita 100 a ƙasa. In ka ga daji ya ja da mita 80, ba ka gano komai ba.

Jami'ar Gandun Daji:
Ka kuma duba me suke kira daji a jadawalin alamomi. Wata hukumar kore ɗaya take shafa wa kurmi da sabara, wata ta raba su gida huɗu. In ba ka lura ba za ka ƙirga sarar da ba a yi ba.

Sarkin Gardama:
Ni dai in dare ya yi mini a daji, wayata zan ciro.

Mahayin Tsauni:
Ciro ta, amma ka sa ta cikin riga kusa da jikinka. A sanyin kan tsauni batir ba ya kai rabin yadda ka saba.

Tsohon Safiyo:
Ɗana mai tambaya, ƙari ɗaya a kan na Injiniya. In shafin da ka samu an buga shi sau biyu ko uku, nemi bugun farko da na ƙarshe duka. Sau da yawa hanyoyi da sunaye kawai ake sabuntawa, a bar layukan tsayi da koren daji yadda suke tun awon farko, sannan a buga sabuwar shekara a ƙasa. In ka ɗauki shekarar bugu a matsayin shekarar dajin, lissafinka zai goce da shekara 20 ko 30. Shekarar hoton jirgi ita za ka rubuta.